Guntun Magagari da Tumbin Yahya

Muntaka Maƙeri bai taɓa yanka kaza ba. Ƙato ne mai damatsa kamar taɓarya, furfura ta fara cin gemunsa, yana ɗaga jan ƙarfe da awartaki yana hira kamar tsinken tsire ya riƙe, amma da zarar matarsa Hure ta kamo zakara sai ya tuna yana da saƙo a bakin kasuwa. Ranar Babbar Sallah kuwa, shi ne mai danne rago yana kallon saman darbejiya. Duk ƙauyenmu da ke gabas da Makoda an san haka, an yi dariyar har an gaji. Hure ce kaɗai ba ta gaji ba. Takan ce ita Allah ya haɗa ta da mai ƙera abin yanka, ga ta kullum da kaza a hammata tana bin gidajen maƙwabta.

Ƙira gado ya yi. A rumfar ubansa Malam Inuwa ya buɗe ido, a nan ya koyi zuga, ya koyi duka, har tsohon ya kwanta dama ya bar masa uwar maƙera, wato ƙarfen da ake duka a kai, da masaɓa, gudumar dukan. Fartanya, garma, sungumi, magirbi, duk yana yi, amma a lauje ya yi suna. Idan gero ya nuna, har daga wajen Ɗambatta ake zuwa a zauna a kan gungumensa ana jira. Ba shi da yawan magana, ba ya shiga rigimar kowa. Da ba don taubashinsa ba, da babu wani labari a kansa sai na kaza.

Taubashin nan shi ne Yahya, ɗan Gwaggo Ikilima, ƙanwar Malam Inuwa. Kun san yadda ɗan mace da ɗan namiji suke. Tun suna tsirara kowa ke cewa ɗayan bawansa ne, kuma har suka yi gemu babu wanda ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa magana miƙaƙƙiya. Idan Muntaka ya ce an yi ruwa a gona, Yahya zai ce ƙarya ce ko da yana tsaye a cikin taɓo. Yahya manomin gyaɗa ne, amma ba da gyaɗa aka san shi ba. Ɗan tauri ne. Yana saurayi ya bi wani tsohon mafarauci ya sha jiƙe-jiƙe, ya dawo da layu a damtse da kirari a baki. Duk inda ake kiɗan tauri sai ya tuɓe riga, ya fito da tumbin nan nasa mai kama da randar gidan biki, ya ɗora wuƙa a kai ya yi ta gurzawa har ta lanƙwashe, ya jefar, mata su rangaɗa guɗa.

Wuƙaƙen da yake lanƙwasawa kuwa, daga rumfar kawunsa yake karɓa. Ba ya saye. Ya ce bawa ba ya sayar wa ubangidansa kaya.

To, a nan maganar take. Tun ranar da Yahya ya fara zuwa karɓar wuƙa, Malam Inuwa ya ja Muntaka bayan rumfa ya ce masa, “Yaron nan shi kaɗai Ikilima take da shi. Duk wuƙar da za ka ba shi, ka yi ta da rodin gini, ka bar ta ta huce a toka, kada ta ga ruwa. Bakin kuma ka goge shi ya yi ƙyalli, amma ka bar shi da kauri.” Ƙarfe idan ya yi ja aka tsoma shi a ruwa, shi ne yake ƙanƙamewa ya riƙe kaifi. Idan aka bar shi ya huce da kansa, sai ya zama lagwani, ko an wasa shi bakin nannaɗewa yake yi. Haka Muntaka ya yi ta yi shekara da shekaru, tsoho na raye, tsoho ya mutu, Gwaggo Ikilima ma ta bi shi. Shi dai bai taɓa cewa maganin Yahya ƙarya ba ne. Wa ya sani? Duniya da faɗi. Abin da ya sani kawai, ba a taɓa gwada maganin ba, kuma mai maganin bai san haka ba.

Maƙeranmu suna da wata al'ada bayan kaka. Idan amfanin gona ya shiga rumbu aiki ya lafa, sai kowa ya share rumfarsa, ya kwaso guntattakin ƙarfen da suka yi saura, waɗanda ko 'yan gwangwan sai sun yi tsaki kafin su ɗauka, a zube a ƙofar Sarkin Maƙera. Shi zai zaɓa wa kowa guntu, a hura wuta a gaban jama'a, kowa ya ƙera 'yar ƙaramar wuƙa a zama ɗaya. Shi da kansa yake wasa su a dutsensa don kada wani ya ce an yi masa coge, sannan a gwada a kan ƙirgi da ƙashin saniya. Wasa ne na nuna hannu, ana kiɗan dundufa, 'yan mata na tallan ƙosai.

Bana ana gobe za a yi, Yahya ya zauna a teburin mai shayi ya buɗe baki. Ya ce maƙeran garin nan gara su koma tuyar waina. Ya ce shekara nawa yana murɗe wuƙar Muntaka kamar alawa, kuma wai shi ne gwaninsu. Wasan taubasai yake yi, amma bai duba bayansa ba. Sarkin Maƙera, Muhammadu Sani, yana zaune a benci. Tsoho ne kurma-kurma, wanda ba ya jin sallama amma yana jin zagi daga bayan gari.

“Ɗan Ikilima,” in ji shi, “gobe a bar ƙashin saniya ya huta. Wuƙar Muntaka a jikinka za a gwada ta, bayan la'asar. Ka yarda?”

Yahya ya bugi tumbinsa ya ce, “Ranka ya daɗe, a haɗa da gatari.”

Da labari ya iske Muntaka, sai da ya nemi wuri ya zauna. Sannan ya lallashi kansa. Ai ba wani abu ba ne, zai yi yadda ya saba. A ba shi guntu, ya buga shi ya yi kamar wuƙa, ya tura a toka. Za a yi masa dariya, to sai me? Mutumin da aka yi wa dariyar kaza?

Da hantsi aka taru. Sarkin Maƙera ya tsuguna a gaban tulin guntaye yana tonawa da sanda, yana miƙa wa wannan ƙusar jirgi, wancan guntun sifirin ɗin mota. Da ya zo kan Muntaka ya daɗe yana tono. Can ya ciro wani abu baƙi, bai kai tsawon tafin hannu ba, ya goge a rigarsa ya miƙa masa. Guntun magagari ne, karyayye, haƙoransa sun cinye.

Muntaka ya jujjuya shi a tafinsa. Magagari fa, ƙarfen da aikinsa a duniya cin ƙarfe ne. Da irinsa wanzamai suke roƙo a yi musu aska.

“Ranka ya daɗe, wannan ya yi ƙanƙanta. Ga guntun rodi can…”

“Me ka ce?”

“Na ce ya yi ƙanƙanta!”

“Tumbin ne babba, wuƙar ba sai ta yi girma ba,” in ji tsohon. Aka kwashe da dariya, har da Yahya da ke zaune a inuwa yana cin ƙosai.

Muntaka ya tsuguna a gaban wuta. Najib, maƙerin da aka haɗa su zuga wa juna, ya kama wilin keken da suke hura wuta da shi ya shiga juyawa, gawayin ƙirya ya kama. Muntaka ya cusa guntun, ya jira ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera. Dukan farko ya gaya masa abin da yake tsoro. Rodi idan ka buge shi amsawa yake kamar tuwo. Wannan turjewa yake, yana feshin tartsatsi ƙanana masu fashewa. Ya yi niyyar ɓata aikin, ya bar bakin da kauri, ya karkatar da tsinin. Amma hannun da ya yi rabin rayuwa yana gyara ba ya iya ɓatawa don an ce masa ya ɓata. Idan ya yi duka a karkace, na biye sai ya miƙar da shi. Haƙoran magagarin suka baje, ƙarfen ya miƙe, ya yi siriri kamar ganyen maina, mutane suka fara matsowa suna cewa kai, kai.

Shi kuwa ba ƙarfen yake gani ba. Tumbin yake gani. Ya san yadda Yahya yake yi: ba ɗorawa kawai yake ba, dannawa yake da hannu biyu ya ja daga wannan kwiɓi zuwa wancan, yana kirari, idonsa a sama. Ya tuno ragon layya, yadda fata take rabuwa fari fat kafin jan ya biyo. Gumi ya shiga idonsa. Ya ce a ransa, saura zafi ɗaya, in daidaita ta, in tura ta a toka. Toka, toka. Yana ta maimaitawa kamar mai jan carbi.

Ya mayar da wuƙar wuta. Mai dundufa ya matso kansa yana zuba masa kirarin gidansu, yana kiran sunan Inuwa. Najib ya ƙara wa wili gudu. Ƙarfen ya tashi daga ja mai duhu ya koma launin nunannen tumatir, daidai launin da Muntaka yake jira a kowane lauje tun yana yaro.

Cuuu!

Sai da tururi ya daki fuskarsa ya gane. Hannunsa na cikin kaskon ruwa, awartaki riƙe da wuƙar. Babu wanda ya sa shi. Ido ya ga launi, hannu ya tafi inda ya saba.

“Innalillahi,” ya ce. Ya zaro ta da sauri zai mayar wuta, sai sandar Sarkin Maƙera ta tare awartakin.

“Wadda ta sha ruwa ta gama. Sa mata ƙota ka kawo.”

Ya sa mata ƙotar ya kai masa. Tsohon ya zauna da dutsensa yana wasawa a hankali, yana tofa yawu, yana karkata kai kamar mai sauraron rediyo. Da ya gama ya naɗe hannun riga ya shafa ta a damtsensa. Gashi ya zubo kamar an busa. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto.

Aka tashi sallar azahar. Muntaka bai san me ya karanta ba. Ana sallamewa ya bi tsohon har zaure, ya durƙusa, ya kai baki kusa da kunnensa.

“Baba Sarki, wuƙar nan za ta buɗe shi.”

“Idan maganinsa na gaske ne, me kake tsoro? Idan ba na gaske ba ne, ya fito ya faɗa da bakinsa, in mayar da ƙashin saniya. Ni ba jini nake nema ba. Amma ba za a zauna a teburin shayi a ce mu koma tuyar waina ba.” Ya tura wuƙar ƙarƙashin buzunsa ya zauna a kai.

Saura Yahya. Muntaka ya same shi a bayan gidansa yana ɗaura layu, yana shafa wani baƙin mai a ciki.

“Yahya, magana zan yi da kai. Ba wasa.”

“A'a, bawana ne da kansa? Ka zo neman afuwa? Durƙusa tukuna.”

“Duk wuƙar da na taɓa ba ka rodi ce. Ba ta sha ruwa ba. Baba ne ya ce in riƙa yi maka haka saboda Gwaggo. Wannan ta yau ba irinsu ba ce. Wallahi za ta yanka ka.”

Yahya ya dube shi, ya dube shi, sannan ya fashe da dariya har layun na karkaɗawa. “Kai, bawa! Bana ka yi dabara. Wato ka ga za ka sha kunya, shi ne ka zo ka tsorata ni in gudu, a ce wuƙarka ta kori Yahya. Har da Kawu a ciki, Allah ya ji ƙansa, yana kabari ma ba ka bar shi ba.”

“Na rantse maka.”

“Bara ma ka rantse akuyata ta faɗa rijiya, na je na same ta tana cin dusa.”

Gaskiya ne, ya rantse ɗin. Muntaka ya kama hannunsa. “To gwada a yatsa. Yatsa kawai, kafin ciki.”

“Ɗan tauri ya fara da yatsa? Kamar mai ɗanɗana miya? Sakar ni, kada ka shafa mini tsoron kaza.”

Muntaka ya fito, ya je ya tsaya a lungun bayan gidansa. Hure ta leƙo ta katanga ta gan shi, ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, sai ta ga fuskarsa ta rufe bakin. Duk zamansu ba ta taɓa fasa tsiya ba sai ranar.

Bayan la'asar fili ya cika. Masu gangar tauri suka karɓe kiɗa daga mai dundufa, ƙura ta tashi, Yahya ya shigo tsakiya ba riga yana taku ɗaiɗai, yana kirari, tumbin na sheƙi. Sarkin Maƙera ya zaro wuƙar ya ɗaga sama, 'yar mitsitsiya, rana na wasa a bakinta. Sannan ya miƙa wa Muntaka, don a al'ada maƙeri ne yake ba da aikinsa da hannunsa.

Tsakaninsa da Yahya ba nisa. Ya ji wuƙar a tafinsa ba nauyi, kamar ba ita za ta yi aikin ba. Ya yi tunanin ya ruga da ita, ya san za a kamo shi kafin ya kai masallaci. Ya yi tunanin ya yi ihu ya faɗi gaskiya, ya san fili zai yi abin da Yahya ya yi, taubashi ne ke magana. Yahya ya miƙo hannu yana murmushi. A ƙasan cibiyarsa akwai wata jijiya tana bugawa, Muntaka yana ganinta.

A nan wani abu ya faɗo masa. Lauje idan ya sha ruwa ba a nan ake barinsa ba, sai an sake gifta shi a kan garwashi kaɗan an sassauta masa, in ba haka ba taurin ya yi yawa, ya zama kamar kwalba. Wannan ba a sassauta mata ba. Sandar tsohon ta hana.

“Ƙotar tana rawa,” ya ce, muryarsa kamar ta wani. “Bari in daddage ta.”

Ya juya wajen gungumen da uwar maƙera ke kai, ya soka tsinin wuƙar a wata tsaga, ya ɗauki masaɓa kamar zai buga ƙotar ta zauna. Ya buga, amma a kaikaice, ya bi da nauyin kafaɗarsa.

Ƙal!

Ƙota ce kawai ta rage a hannunsa. Rabin ruwan wuƙar na cikin gungume, sauran ya yi tsalle ya faɗi a ƙasa a gaban Yahya.

Sai wani ya kurma ihu, “Tun ba ta taɓa shi ba! Ta karye tun ba ta taɓa shi ba!” Ganga ta ɓarke, guɗa ta tashi, samari suka ɗaga Yahya sama da ƙyar. Sarkin Maƙera bai yi ihu ba. Ya tako ya duba tsagar, ya duba Muntaka, ya ce a hankali, “Ɗan Inuwa, ka zubar mana da mutunci a gaban masu ƙosai.” Ya tofar da yawu ya shige zaure. Muntaka ya zauna a ƙasa dirshan, yana jin ana cewa laujensa ma a riƙa dubawa, yana ta sauke ajiyar zuciya kamar wanda aka tsamo daga rijiya. A ransa ya ce, an gama.

Ina fa! Kun manta wayoyin nan? Kafin sati ya zagayo hoton ya je inda Yahya bai taɓa takawa ba: ɗan taurin da wuƙa ke ganinsa ta karye. Mahautan Minjibir suka aiko. Suna da biki ranar kasuwa, suna gayyatarsa, kuma kada ya wahalar da kansa da ɗauko wuƙa, suna da nasu. Wuƙar mahauci, wadda take kwana tana tashi a cikin nama.

Muntaka ya sake zuwa wajen Yahya ya faɗa masa gaskiya, har da cewa shi ya karya ta da gangan. Yahya ya share hawayen dariya ya ce wannan ƙaryar ta fi ta farko daɗi.

Ranar tafiya, da sassafe, Muntaka bai hura wuta ba. Ya kwaso wuƙaƙen rodi da ya kwana biyu yana gogewa har suna ɗaukar ido, ya zuba a jaka. Hure na tsaye a bakin ɗaki.

“Malam, su mahautan makafi ne da za ka musanya musu?”

“Ban sani ba.”

“To me za ka yi idan ka je?”

“Ban sani ba, Hure.”

Ta shiga ta fito da ƙullin dambu ta cusa masa a jakar.

Yahya ya tsaya da babur a ƙofar gida yana danna oda. “Wa nake gani? Bawa zai raka ubangida ya riƙe masa riga? Hau, amma kada ka suma mini a gaban mutane.”

Muntaka ya hau baya, jaka a kafaɗa. Babur ya ɗauki hanyar burji tsakanin gonakin da aka girbe, kara a tsaye, shanu na kiwo. Ya zagaya hannuwansa biyu ya rungume tumbin, ya ji ɗuminsa ta cikin riga, yana hawa yana sauka. Ya ƙara matsewa.

“Kai, sassauta!” in ji Yahya cikin iska. “So kake ka kashe ni tun ba mu je ba?”